Abin da Na Saya da Garkar Dungu

Na san abin da kuke faɗa idan kun taru da salla kuna zaton barci ya ɗauke ni. Kuna cewa uwarku ta ɗauki garkar rake sukutum, da rijiyarta da mangwaronta, ta miƙa wa Kawunku Isuhu, ta karɓi ɗakin laka wanda ko akuya sai ta yi shawara kafin ta kwana a ciki. Kunnena bai mutu ba, gwiwa ce kawai ta gaji. Ban taɓa tanka muku ba domin maganar ba ta tsaye ba ce, ku kuwa kullum a tsaye kuke, wannan na duba waya, wancan na neman makullin mota. To yau na zauna na rubuta. Wanda ya ga dama ya karanta, in ya gama ya ci gaba da gunaguninsa, amma dai ya yi shi da sani.

Ɗakin lakar nan zauren Babanmu ne, kakanku. Shi fatoma ne, a wurinsa fatake ke sauka in sun taso daga Damagaram da kanwa da dabino za su Kano, ko sun juyo da tufafi da goro. Na buɗe ido na tarar da zauren cike da baƙi, da warin kanwa da na raƙuma, da harsunan da ban san kansu ba. Bangonsa ya fi tsawon hannun babban mutum kauri, rufinsa na baka ne, da bazara in ka shiga sai ka rantse randa ka shiga. Mu biyu Innarmu ta bari a duniya, Yaya Isuhu da ni. Shi ne ɗan fari, kuma ku da kuka taso yanzu kuna kiran ƴaƴanku na fari da sunansu har kuna ɗora su a cinya gaban surukai, ba za ku gane yadda abin yake a da ba. Innarmu ba ta taɓa faɗin sunan Yaya ba. Ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta yi masa wasa, in za ta ba shi tuwo sai ta miƙo mini ta ce in kai wa “wancan”. Ana yaye shi aka kai shi riƙo wurin kakarmu a Ɗan Barto, can ya girma, in ya zo gida nan Matameye kamar baƙo yake zuwa. Kunya ce ta ɗan fari, kowa ya sani, shi ma ya sani. Amma sanin abu daban, ɗaukarsa a ciki daban. Ranar da aka dawo daga binne ta, ina kuka yana tsaye, ya ce da ni:

“Yi kukanki, Dije. Ke ce kika yi uwa.”

Na riƙe maganar nan shekaru ban san inda zan aje ta ba.

Bayan Baba ya bi ta, aka yi rabon gado, gida ya faɗa wa Yaya, garkar Dungu ta faɗo mini. Yaya ɗan kasuwa ne, yana da manyan motoci, kuma ba ya son abin da ba ya haihuwa. Ya rushe ɗakunan ciki ya yi na siminti, babu wanda ya ce uffan. Zauren ne ya rage, ya tsufa, rufin ya fara yoyo, kuma da aka ɗaga hanya sai ƙasansa ya koma rami, ruwan sama na gangarowa ciki yana cin gindin bango. Yaya ya ce zai buge shi ya jera butik, wato shaguna, a wurin tunda yana bakin hanya.

A lokacin na aje aikin koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, zaman gida ya ishe ni, sai na shiga ƙungiyar adana tarihin gari. Kar ku ji suna ku ɗauka wani abu ne babba. Tsofaffi ne ƴan kaɗan muke haɗuwa a gindin dalbejiya ƙofar gidan Malam Habu, shugabanmu, wanda shi ma tsohon malamin lakwal ne, mutum mai haƙuri da yawan bayani. Mun bi gida gida mun tara kayan da: akusa, taskira, mazari, kwari da baka, sirdin raƙumi, allunan da suka yi baƙi don tsufa. Duk suna ƙunshe cikin buhuna a ɗakin ajiyar Malam Habu, gara na yi musu karatu. Wuri muke nema, ga kuma zauren da ya ga fatake da idonsa za a kai ƙasa. Na sa mayafi na tafi wurin Yaya.

“Yaya, ka bar wa ƙungiya zauren nan.”

“Ƙungiyar tsofaffin ƙwarya? Dije, tarihi ba ya cika tukunya.”

“Kai ma tarihi ne, ga furfura nan.”

Bai yi dariya ba. Ya dube ni ya ce, “In kina son shi haka, ba ni garkar Dungu ki ɗauka.”

Ya faɗa ne don in yi shiru, na san shi. Ni kuma Allah ya yi ni da baki mai riga hankali fita. Na ce na sallama. Ya ce in je in yi tunani, na ce na gama. Sai ya ƙara sharaɗi, kuma ban ga laifinsa ba: iyalinsa ta zauren suke shiga suna fita, ba zai bar bango ya faɗo wa jikokinsa ba. In damina ta sauka ba a gyara ba, ruwa ya sake shiga, zai rushe, garka kuma ta riga ta tafi. Aka kira shaidu aka shafa fatiha. Na dawo gida ina sane cewa in abin ya ƙi, na yi ba tsuntsu ba tarko. Babanku, Allah ya jiƙansa, ya saurare ni har na gama, ya ce garkarki ce, amma daga yau kar ki ƙara yi mini gorin rake.

Ƙungiya ba ta da ko sisi, sai muka shirya kermes, wato bikin wasanni, a filin lakwal don neman gudummawa. Mun yi shiri kamar na aure. Aka sa kokawa da langa, ƴan mata suka yi gaɗa, tsofaffi suka zauna suna kaɗi da saƙa don yara su gani, mata suka soya ƙosai da wainar gero. Malam Habu ya sa kafinta ya ƙera akwati mai ƙaramin baki, aka yi masa fenti kore aka girke shi a bakin ƙofa. Don mutane su cika, muka gayyato Sarkin Makaɗa Ɗanjuma da yaransa daga Dawce. Mutane kuwa sun cika, har kan katanga. Alhazan gari suka zo cikin manyan riguna, aljihu ya kumbura, ni da Malam Habu muna satar kallon juna muna murna. Suka wuce akwatin nan ko kallo bai ishe su ba, muka ce ai sai sun fito. Sai Ɗanjuma ya saɓa kalangu ya fara kama su ɗaya bayan ɗaya, wane jikan wane, wanda kakansa ya haƙa rijiya, wanda kakarsa ta ciyar da gari shekarar yunwa. Ai ba su san sanda suka miƙe ba. Liƙi ya tashi, kuɗi na sauka a goshin makaɗa suna zuba ƙasa, yaran Ɗanjuma na kwashewa cikin hula. Wanda ya fi kowa ɓarin kuɗi ranar shi ne Yaya Isuhu, da aka ce ɗan fatoma mai zaure buɗe, baƙo ba ya kwana da yunwa. Yana liƙi don zauren da yake shirin rushewa, ni kuwa na rasa dariya zan yi ko kuka.

Mu da muka haihu a garin nan muka manta abin da kowane yaro ya sani: Bahaushe ba ya jefa alheri cikin rami inda ba mai gani, a goshi yake manna shi, kuma abin da aka liƙa wa makaɗi nasa ne, ba a cewa ya dawo da shi. Alhazai suka koma gida zuciya fari ƙal, sun tabbata sun taimaki tarihi. Da muka buɗe akwati, abin da ke ciki na talakawa ne da ribar ƙosai. Malam Habu ya cire hula ya sosa kai ya ce:

“Hajiya, mun yi wa Ɗanjuma kermes.”

Abin da aka samu ya isa magina suka gyara rufi suka yi yaɓe ciki da waje, nan ya ƙare. Ƙasan zauren na nan rami, shi ne kuwa ciwon. Siminti ake so da yashi da ciko, ba mu da kuɗin ko ɗaya. Zafi ya kai inda ya kai, gabas ta fara yin duhu da la'asar, manoma sun fara gyaran gona. Na daina cin abinci da daɗi. In na wuce ta ƙofar gidan Yaya sai in ga bulo da ya sa aka fara saukewa a gefe, bai ce mini kome ba, ba sai ya ce ba.

Inna Delu ce ta fitar da ni. Ƙanwar Innarmu ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ita kaɗai ta rage a cikinsu, ta tsufa har ta rankwafa amma bakinta na nan da kaifinsa. Na je gaishe ta, ta ga na rame, na zayyana mata. Ta daka goronta a turmin ƙarfe ta ce:

“Siminti? Da can da uban wa ya sayar mana da siminti? Ƙasan zauren nan ni da uwarki muka daɓe shi, ya yi shekaru raƙumi na taka bakinsa bai fashe ba.”

“Inna, wa ya iya daɓe yanzu?”

“Hannu ne da su ko babu? Ki daina aika wa mutane sanarwa a rediyo kamar an yi ɓatan akuya. Sayo goro ki bi gida gida, ki ce ana gayyar daɓe. A da amarya ake yi wa, to ki ce zauren fatoma zai yi aure.”

Haka na yi. Na bi unguwa unguwa da goro a ƙwarya, ina faɗa ana dariya, kuma duk matar da ta karɓi goro ta san ta ɗauki alkawari. Abin da ya biyo baya har yau in na tuna sai idona ya cika. Masu amalanke suka yi ta kawo jar ƙasa da tsakuwa ba su karɓi kome ba. Amalanken da ya fi kowanne zirga-zirga na Ɗanjuma ne. Labarin akwati ya kai masa, ya aiko da shanunsa da saƙo cewa liƙi ba ya komawa, amma sa yana tafiya. Matan Dungu suka aiko da makuba, ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa a yayyafa don ƙasa ta yi tauri. Maza suka cike ramin har ya ɗara hanya tsawo, suka yi dokin ƙofa. Da aka zo neman madaɓai, itacen da ake bugun ƙasa da shi, sai aka tarar duk na garin suna cikin buhunan Malam Habu, mu muka tattaro su da sunan kayan tarihi. Ya kwance buhu yana cewa a yi hankali da su, wata tsohuwa ta fizge nata ta ce ta san shi tun kafin a haife shi.

Ranar daɓe mata suka cika zauren tun da hantsi, suka durƙusa sahu sahu, tsofaffi a gaba, matasa a baya. Aka yayyafa ruwan makuba aka fara bugu. Abin bai yi ba. Kowace na bugun nata, wannan ta sauka wannan ta tashi, ƙasa na yin tudu da kwari. Daɓe ba ƙarfi ba ne, haɗa hannu ne, kuma waƙa ce ke haɗa hannun. Matasan ba su san ko baiti ɗaya ba, tsofaffin sun san amshi amma ba mai bayarwa. Duk aka juya ana kallon Inna Delu, tana zaune kan kujera ƴar tsugune a jikin bango. Ita kuwa tun da ta dawo daga Makka ta ce ta aje waƙa, ko a biki ba ta buɗe baki. Ta ce a ƙyale ta. Aka ci gaba da bugu a watse, gumi na zuba, ga hadari ya fara haɗowa tun kafin azahar.

Ana cikin haka Yaya ya dawo daga tasha. Ba hanyar shiga gida sai ta zaure, zaure kuwa cike da mata. Na hango shi ya tsaya daga waje ransa a ɓace, ya aiko a kira ni.

“Dije, wannan wane irin abu ne? Kin tara mini matan gari a ƙofar gida. Dubi gabas. Wannan taɓon ne zai tare ruwa? Ki sallame su, kar ki wahalar da bayin Allah a banza.”

Ni ma na fara karaya. Sai na ji murya daga ciki, siririya, tana rawa, amma ta ratsa duk hayaniyar. Inna Delu ce.

*Ƙasa ki kwanta, ƙasa ki kwanta,*
*Akwai mai zuwa, ba ni faɗin sunansa.*

Tsofaffi suka amsa, ƙasa ki kwanta, madaɓai suka sauka tare, tim, har na ji a ƙirjina.

*Na ba da goyo, ban ba da zuciya ba,*
*Yana Ɗan Barto, ina nan ina jin tarinsa.*
*In ya tako ki, kar ki soke shi,*
*In ya yi tuntuɓe, ni ce na faɗi.*

Ban taɓa jin waƙar ba, amma na san mai ita tun kafin a kai ƙarshe. Akwai yadda Innarmu ke jan ƙarshen magana, shi Inna Delu ta ja. Waƙar da ta yi ce ranar da suka daɓe zauren nan da ƙuruciyarsu, bayan an ɗauke mata ɗa an kai riƙo. A wurin daɓe ba namiji, ba suruki, ba mai cewa ta yi rashin kunya, nan kaɗai ta iya faɗa. Matan da suka ji sun riƙe a cikinsu, maza kuwa ba wanda ya taɓa ji, balle shi.

Na juya na dubi Yaya. Bakinsa a ɗan buɗe, carbi ya tsaya a hannunsa. Mutum mai furfura, mai motoci, wanda direbobi ke rawar jiki in ya yi tari, ya dafa bangon zaure. Bai shiga ba, bai tafi ba. Yana nan tsaye aka maimaita waƙar, aka sake maimaitawa, matasa suka kama amshi, sahu na ja da baya a hankali, ƙasa na kwanciya sumul tana yin duhu tana sheƙi. Daga baya na tambayi Inna Delu ko ta gan shi a ƙofa ne ta zaɓi wannan waƙar. Ta ce ita idonta ba ya gani, in daina yi mata sharri. Idon da ke zare tsakuwa daga cikin shinkafa.

Da la'asar iska ta taso, ruwan farko ya sauko da ƙarfi, daɓe kuwa ɗanye ne, in ruwa ya shiga aikin ya lalace. Mata suka fara salati. Kafin in san abin yi sai na ga Yaya ya tuɓe babbar riga ya jefa wa wani, ya sa an jawo tamfol daga kan motarsa an rufe ƙofar. Ya karɓi fartanya ya shiga cikin ruwa yana haƙa magudana da hannunsa. Bulon nan da ya sauke don gina butik, shi ya sa aka jera a bakin zauren aka tare ruwan hanya. Maƙwabta suka fito suka kama masa. Ruwa ya yi ta zuba ya gaji, ɗigo bai shiga ba.

Da aka ɗauke ruwan, Yaya ya ɗaga tamfol ya leƙo, jikinsa sharkaf, laka har gwiwa. Ya durƙusa daga bakin ƙofa, bai yarda ya taka ba, ya ce:

“Inna, waƙar nan, da wa take?”

“Ƴaƴa nawa aka kai mata Ɗan Barto?”

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, a hankali, kamar mai tambayar hanya, “Tana jin tarina?”

“Ko zazzaɓi ka yi ba ta cin tuwo. Ni ake aikowa in dubo ka, in dawo ta ja ni bayan ɗaki ta tambaye ni har abin da ka ci.”

Ban taɓa ganin hawayen Yaya ba, ko ranar binne Innarmu, sai ranar. Matan nan kuwa, Allah ya saka musu, kowace ta sami abin kallo a ƙasa.

Sauran kun sani. An ƙara bugu aka bar shi ya bushe, aka kwaso kayan Malam Habu aka jera, yaran lakwal na zuwa kallo, baƙi na tsayawa. Kowace shekara bayan girbi ƙungiya na yin taro, kuma mun yi hankali, yanzu akwatin a hannun Ɗanjuma muke sa shi, yana wasa mutum yana miƙa masa. Inna Delu ba ta ga damina ta gaba ba, amma ta bar waƙoƙinta a bakin matan unguwa. Garka kuwa Yaya bai mayar ba, ni ma ban tambaya ba, ciniki ya riga ya faɗa gaban shaidu. Na ji zafin rashinta, ba zan ɓoye muku ba, musamman shekarar da Babanku ya kwanta ciwo muka sayar da tumaki. Raken da kuka yi ta sha kowace shekara kuna cewa Kawu ya aiko, yankan farko ne na garkar, bai taɓa fashi ba har ya bar duniya.

Ina godiya ga Allah, ina godiya ga matan garin nan da masu amalanke, da Malam Habu, har da alhazan da suka wuce akwati, don da sun cika shi da siminti za mu zuba, waƙar kuma ta bi Inna Delu kabari. A shekarunsa na ƙarshe Yaya ya bar zaman tasha, kullum da hantsi yana zaure, in baƙi sun zo shi ke yi musu bayani, har ya fi Malam Habu tsawaitawa. Ba ya shiga da takalmi, ba ya kuma shimfiɗa tabarma. Na taɓa ce masa ƙasa da sanyi, ga shi da tari, ya bari in kawo masa buzu. Ya shafa daɓen da tafin hannunsa ya ce:

“Bar ni, Dije. An riga an gaya mata kar ta soke ni.”